Sanda, Fartanya, Jinka, Tsani

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula aka ɗauke ni aikin tsaron kwamfuta a Sabon Gari, Gusau. Ban taɓa shiga ajin boko ba. Ko sunana ban iya rubutawa ba a lokacin.

Kafin nan lodi nake yi a tasha, ina bin manyan motocin auduga da hatsi. Wata rana mota ta kife da mu kusa da Tsafe, buhuna suka danne mini ƙafar hagu. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ƙafar ta haɗu, amma a karkace, kuma daga ranar buhu ya fi ƙarfina. Ina da mata da 'ya'ya a gidan haya a Tudun Wada. Aikin zaune nake nema, shi kuwa aikin zaune ba a cika ba wanda bai yi karatu ba.

Alhajin da nake yi wa lodi shi ya tuna da ni. Dillalin auduga ne da fata, yana kuma da shagon buga takardu da bugun waya. Ɗan ƙanwarsa ya gama karatun kwamfuta a jami'a, yana zaman jiran a kira shi bautar ƙasa. Kowa Injiniya yake ce masa. Shi ya zuga kawun nasa a sayi kwamfuta guda wadda ba ta barci, a ja mata layin waya nata na kanta, a zuba mata hotunan auduga da fata da ƙaro. Mai saye yana Legas ko wata ƙasa, ya buɗe tasa kwamfutar, ya ga kayan. Kowane ɗan kasuwa da shafinsa kamar rumfa, ita kuma kwamfutar tamu ita ce filin kasuwar.

"Irin wagga kwamfuta saba aka ce mata, Baba," in ji Injiniya.

Na ce, "To, za mu saba."

Aikina ba shi da yawa. In share ɗakin, in goge ta, in tada janareta idan aka ɗauke wuta. Amma shekarun wahalar mai ne, janareta yakan yini a bushe. Akwai wani akwatin batir a ƙarƙashin tebur da ke riƙe ta idan wuta ta tafi, yana kuka kamar ɗan tsako. Ba ya riƙe ta fiye da mutum ya yi alwala ya yi salla. Kafin ya ƙare dole a kwantar da ita ta hanyar da ta dace. Idan ta mutu a tsaye, kayan cikinta suna hargitsewa. Saboda wannan kwantarwar aka ɗauki mutum. Sauran duk cikon aiki ne.

Wani Bakano mai sayar da kayan ofis ya kawo kwamfutar. Ta hannu ce, ta sha aiki a wata ƙasa kafin ta iso mana. Aka kunna, ba ta ce komai ba. Injiniya ya ce mini ƙarfe ne kawai tukuna, mota ce ba direba, sai an zuba mata tsarin da zai tuƙa ta. Tsarin iri biyu ne a gabanmu. Suna da sunayen Turanci, amma a shagon ba mai kiran su da su sai shi da Bakanon. Mu ɗaya muna ce masa mai tagogi, domin hotuna ne ƙanana kana buɗe su kamar taga. Ɗayan baƙin allo, domin ba ka ganin komai sai baƙi da farin rubutu.

A kan wannan suka yi ta kai ruwa rana, Alhaji yana zaune a tsakiya yana ɓare goro.

Bakano ya ce, "Alhaji, mai tagogi za ka saka. Shi kowa ya sani. Ya yi ciwo yau, ka ɗaga waya Kano, gobe mai gyara yana ƙofarka. Ga takardar kamfani a hannunka."

Injiniya ya ce, "Kawu, wanga inji tsoho ne. Mai tagogi nauyi gare shi, sai an ƙara ma injin ƙarfi. Baƙin allo ba shi da adon komai. Shina iya wata da watanni ba a taɓa shi ba."

"Wa ke sai da shi?"

"Ba a sai da shi. Kyauta ne."

Alhaji ya ajiye goron. "Wa ya ba ka?"

"Mutane ne da yawa a duniya sunka haɗu sunka yi shi."

"Mutanen da ban sani ba, ban taɓa gaishe su ba, su yi wahala su ba ni? Mi sunka gani gare ni?"

Bakano ya yi dariya har da buga cinya. "Tambaye shi dai, Alhaji. In ya ɓaci, rigar wa za ka riƙe?"

"Tawa," in ji Injiniya.

"Kai da za a jefa ka bayan Kwara kwanan nan? Sai dai a aiko maka da injin ta gidan waya."

Alhaji bai san kwamfuta ba, amma ya san ciniki. Ya ce shi bai taɓa sayen jaki yana kwance ba. A ɗora wa kowane kaya a gani.

Aka fara zuba mai tagogi. Ranar nan na ji daɗi. Akwai wani abu mai wutsiya da ake turawa a kan tebur, Injiniya yana ce masa maus, ni kusu nake ce masa, wato ɓera, tunda an ce ma'anarsa ke nan. Ka tura kusu, kibiya ta yi tafiya a fuskar kwamfutar. Ka kai ta lungun ƙasa, ka danna, ka hau sama kaɗan, ka danna, ta kwanta. Ba karatu a ciki. Tsakanin azahar da la'asar na iya. Da na koma gida na ce wa mai ɗakina ta daina yi mini magana da ƙarfi, yanzu da ma'aikacin kwamfuta take zaune. Ta ce ma'aikacin ya wanke hannu, tuwo na hucewa.

Sai aka loda hotuna. Tsohon injin ya fara nishi. Shafi ɗaya ya buɗe, mutum ya gama gaisawa da maƙwabci ya dawo. Bakano ya ce ba laifin tsarin ba ne, injin ne ke son ƙarin ƙwaƙwalwa, kuma yana da ita a shagonsa. Gaskiya ya faɗa, Injiniya ma bai musa ba. Alhaji dai ya ji kalmar ƙari, ya ce a gwada ɗayan.

Aka goge, aka zuba baƙin allo, aka ɗora masa kayan nan dai. Ya ɗauka bai ce uffan ba. Ni kuwa na leƙa fuskar, ba taga, ba kibiya. Rubutu ne kawai yana tafiya kamar jerin tururuwa. Na tura kusu, ba abin da ya motsa.

A 'yan kwanakin nan ba wanda ya kai ni son Bakano. Ina ɗauko masa kujera, ina sayo masa fura. Duk abin da ya faɗa sai in ce haka ne. Har ya fara ce mini "mutumina na Zamfara", yana kwaikwayon yadda muke cewa "mi".

Ranar yanke magana Alhaji ya juyo wajena. "Malam, kai mi ka gani?"

"Mai tagogi."

"Don mi?"

"Shi na iya."

"Wanga ba dalilin inji ba ne. Dalilinka ne."

"Nawa ka tambaya, Alhaji."

Ya yi murmushi. Ya ce baƙin allo za a bari, domin injin da ke akwai shi ke akwai. Sannan ya faɗa mini magana a fili, kuma na ji daɗin da bai ɓoye ba. Baƙin allo da rubutu ake kwantar da shi. Idan na iya kafin Injiniya ya tafi, aikin nawa ne. Idan ban iya ba, dole ya nemo mai karatu, kuma ba zai ɗauki mutum biyu a kan inji ɗaya ba.

Injiniya ya ce kada in damu, kalma ɗaya ce, baƙi huɗu. Ya shirya ta yadda ba sai na yi komai ba, in buga huɗun nan kawai in danna babban maɓalli na gefe. Ya ɗauki alli ya rubuta su manya-manya a jikin ƙofar ɗakin, yadda suke a kan madannai. Yanzu na san sunayensu, H da A da L da T. A lokacin siffarsu na duba. Ɗaya tsani ne mai mataki guda. Ɗaya jinkar ɗaki. Ɗaya fartanya. Ɗaya kuwa sandar gurgu ce sak, irin wadda na rataya a hammata bayan ɗori. Wannan ba sai an gabatar mini da ita ba.

Bai yarda in gwada a kan sabar ba. Tunda aka kunna ta ba ta kwanta ba, kuma yana alfahari da haka kamar mai ingarma. Duk wanda ya shigo sai ya nuna masa tsawon lokacin da ta yi a tsaye. Sai ya ba ni wani tsohon allon madannai mara waya, in riƙa koyo da shi. Nakan zauna da shi a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar shago, a kan cinya. Masu wucewa suna tsokana.

"Sakatare, a buga mini takardar neman aure."

"Kawo amaryar in gani tukuna."

Injiniya yakan fito ya ce, "Baba, ina jinka?" In nuna. "Ina tsani?" In nuna. Ko ido rufe ina samunsu. Ya ce na gama.

Don kada in manta jerin, na haɗa musu labari. Gurgu ya ɗauki sandarsa, ya ɗauki fartanya, ya je gindin jinka, ya hau tsani. Sanda, fartanya, jinka, tsani. Ina shara ina faɗa, ina kan hanya ina faɗa. Har 'ya'yana suka mai da shi waƙar wasa a tsakar gida.

Ranar da abin ya zo, Alhaji da Injiniya sun tafi Nahuce ta wajen Bungudu ɗaukar hoton audugar wani manomi. Rana ta take sosai. Jarkar mai tana can a layin gidan mai tun safe, janareta babu ko ɗigo. Fanka ta tsaya. Akwatin batir ya fara kuka.

Ban ji tsoro ba. Na ja kujera na zauna kamar mai ofis. Na dubi ƙofa, na buga sanda, fartanya, jinka, tsani, na danna babban maɓalli.

Ta rubuto mini layi ɗaya, ta tsaya tana ƙifta ido.

Na sake. Ta sake rubuto layin nan. Na ce ko da ƙarfi take so, na danna da ƙarfi. Na ce ko a hankali take so, na danna kamar mai taɓa jariri. Na yi bisimilla na sake. Layin nan dai, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, har fuskar ta cika. Kukan batir ya ƙara sauri. Na leƙa waje ko zan ga mai karatu, ba kowa sai mai rake, shi kuma ni na fi shi. Ina dawowa fuskar ta yi ɗif.

Na share ɗakin, ko da yake na riga na share. Na zauna jiran su.

Injiniya ya sha wahala kafin ta tashi daidai. Shafin wani mai fata ya tafi gaba ɗaya, sai da aka sake bin sa ɗaukar hoto, shi kuma ya yi ta mita a kasuwa cewa kwamfutar Alhaji ta cinye masa fatu. Alhaji bai yi mini faɗa ba. Da ya yi ma da ya fi sauƙi. Takardar kiran Injiniya ta riga ta fito. Wani mai shaidar sakandare kuma ya fara zuwa gaishe da Alhaji da safe, da biro a aljihun gaba.

Da sabar ta koma aiki, Alhaji ya kira ni cikin ɗakin. Injiniya yana gaban injin.

"Malam, ba da son raina ba. Amma magana munka yi."

"Mun yi."

"To ka ga yadda ta kasance."

Na ce, "Na danna duka huɗun."

Injiniya bai juyo ba. "Baba, da ka danna da ta kwanta."

"Ban ce ka yarda ba. Tashi in yi a gabanka."

Ya dubi kawunsa. Alhaji ya ɗaga masa kai. Ya tashi ya ba ni kujera. Na buga ina faɗa a fili, sanda, fartanya, jinka, tsani. Na danna. Layin nan ya fito.

"Ga ta nan," na ce. "Haka ta yi mini."

Injiniya ya sunkuyo ya dubi fuskar. Ya dubi ƙofa. Ya sake duban fuskar. Sai ya dafa tebur, kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya ta ci ƙarfinsa har ya zauna a ƙasa kusa da akwatin batir.

"Baba, daga ina ka fara?"

"Daga farko."

"Ina ne farkon?"

Na tashi na je jikin ƙofa, na sa yatsa a kan sanda, a hannun dama. Ɗan karatun da na taɓa yi a duniya na allo ne, a ƙauyenmu, kafin a cire ni a kai ni gona. Bai yi nisa ba, amma na san inda rubutu ke farawa. Ba wanda ya taɓa ce mini akwai rubutun da ke tasowa daga hagu. Shi kuma bai taɓa tunanin akwai wanda bai san haka ba. Ɗaya-ɗaya yake tambayata, ɗaya-ɗaya nake nunawa.

Alhaji ya ciro tabarau ya matso ƙofar. Shi ma duk lissafin kasuwancinsa da ajami yake yi. Ya daɗe yana kallo.

"To ai nan ne farko," ya ce. "Ni ma nan zan kama."

"Kawu, boko daga hagu yake."

"Ka faɗa mishi?"

"Ban faɗa ba."

"To dariyar mi kake?"

Injiniya ya share hawaye ya ce abu ne mai sauƙi, in juya kawai. Tsani, jinka, fartanya, sanda. Na gwada faɗa. Bakina ya ƙi. Na ce masa wannan ba labari ba ne. Wane gurgu ne zai hau tsani tukuna, sannan ya dawo neman sandarsa? Yanzu a zaune lafiya zan iya juyawa. Amma ranar da batir ke kuka a kunnena, hannuna hanyar da ya sani zai bi. Gara in faɗa tun yanzu.

Alhaji ya ce, "Ka ji. Mutumin ga bai iya gyara magana ba."

Injiniya ya sosa ƙeya. Sai ya ce in ɗaga masa. Ya zauna ya yi 'yan rubuce-rubuce, bai daɗe ba.

"Shi ke nan. Bar naka yadda yake, Baba. Ita na koya mawa."

"Mi ka koya mata?"

"Na ce mata in ta ji sanda, fartanya, jinka, tsani, to barci aka nufi. Wanga tsari, duk aikin da ka raɗa ma sabon suna, shina amsawa."

Alhaji ya ce, "Raɗin suna ba rago?"

"Shi ma kyauta ne, Kawu."

"Mutanen nan dai ban gane musu ba."

Amma bai yarda da baki ba. Ya fita da kansa ya kashe wutar shagon daga babban makunni. Fanka ta tsaya, akwatin batir ya ɗauki kuka. Ya dawo ya tsaya a bayana, hannu a baya. Injiniya ya koma bakin ƙofa don kada a ce ya taimaka.

Na buga. Na danna babban maɓalli.

Wannan karon ba layi ɗaya ba ne. Rubutu ya yi ta gangarowa, tana rufe rumfunanta ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta tsaya. Injiniya ya ce daga can, "Ta kwanta. Kashe makunnin." Na kashe. Ɗakin ya yi tsit, sai kukan batir, shi ma na kashe shi.

Alhaji ya mai da tabarau aljihu. Ya dubi ƙasan tebur.

"Gobe ka zo da wuri," ya ce. "Akwai yana a lungun can."

Mai biro ya ƙara zuwa gaisuwa sau ɗaya, daga nan ban sake ganinsa ba. Na ji ya samu aiki a wani kantin magani, kuma na yi masa murna da gaske.

Da Bakano ya zo aka ba shi labari, ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce da nasa aka saka, da duk wannan bai taso ba, kusu ba shi da hagu ba shi da dama. Na ce gaskiyarka. Har yau ina ganin mai tagogi ya fi kyan gani. Ya ce to in ci gaba da sayo masa fura. Na ce wannan zamani ya wuce.

Injiniya ya tafi bautar ƙasarsa. Yakan bugo waya shagon ya ce a ba shi gurgun da ke hawa tsani. Wuta ta ci gaba da tafiya yadda ta saba, mai ya ci gaba da wuya. Na kwantar da sabar nan sau da yawa, ba ta sake mutuwa a tsaye a hannuna ba. Idan wuta ta dawo in kunna ta, ta tashi da kanta ta buɗe kasuwa. Masu saye daga nesa ba su zo da yawa kamar yadda aka zata ba, amma wasu sun zo, kuma mai fatan nan mai mita yana cikin waɗanda suka fara samu.

Na yi shekaru a ɗakin. Da yamma na shiga ajin yaƙi da jahilci, a can na koyi sauran baƙaƙen. Daga baya aka mai da shafukan kan manyan injuna na haya a ƙasar waje, domin ya fi sauƙi a kan ciyar da janareta. Alhaji ya sallame ni da mutunci, ya haɗa mini da akwatin batir.

Yanzu ina Tsafe, kusa da tasha. Ina da rumfar cajin waya da benci ɗaya. Ƙafar tana ciwo da damina, sauran lokaci lafiya lau.